Tiyatar Sauya Gaɓar Ƙugu ga Mai Zama Shi Kaɗai: Lamarin Wani Dattijo a Agege

Wanda ake magana a kansa

Dattijo ne ɗan shekara 59 a lokacin da aka yi masa aiki, ɗan kasuwar goro a Agege. Tun yana saurayi ya sauka Legas, ya bi sawun iyayen gidansa da suka daɗe suna saro goro a ƙasar Yarabawa suna lodawa zuwa Arewa. Matarsa ta rasu kafin ciwon ya taso. 'Ya'yansa mata biyu suna aure a Arewa, namijin kuma yana karatu a Kano. Shi kaɗai yake kwana a ɗaki guda a saman bene, gidan haya irin mai ɗakuna suna kallon juna, matakala 16 daga ƙasa. Banɗaki ɗaya ne a saman, can ƙarshen baranda, masai na tsuguno, duk masu hayar sama shi suke shiga. Ruwa ɗan garuwa ke hawo masa da shi a jarka. Katifarsa a ƙasa take, a kan leda.

Ni ma'aikacin jinya ne, amma ba a asibitin da aka yi masa aikin nake ba. Masallaci ɗaya muke salla. Baba nake ce masa, shi kuma malam yake ce mini, ko da yake ya haife ni. Da yardarsa na rubuta wannan, bisa sharaɗin ba za a ambaci sunansa ko na asibitin ba.

2021 zuwa Agusta 2023: ciwon matsematsi

Da daminar 2021 ya fara jin ciwo a matsematsinsa na dama, yana sauka har gwiwa. Ya ɗauka sanyin ƙashi ne, ya tafi kemis aka ƙulla masa haɗi a leda, ƙwayoyi kala huɗu, safe da yamma. Ciwon ya lafa, har ya ga ya yi ƙiba, fuska ta ciko, abokan kasuwa suna cewa Alhaji hutu ya karɓe ka. Duk sa'ad da ciwon ya motsa sai ya koma a ƙulla masa wani. Haka aka shafe kusan shekara biyu. A tsakani an yi masa ƙaho sau uku, wani mai ɗori ya murza masa ƙugun da man shafawa ya ɗaure na mako biyu, ya kuma sha jiƙe-jiƙe daga gida.

Kafin tsakiyar 2023 ya daina iya zaman tahiya, ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta, yana ɗingishi da sanda. Ciwon ya fara tashinsa daga barci. A watan Agusta aka ɗauki hoton ƙashi. Kan ƙashin cinya, wannan dunƙulen da ke juyawa cikin ramin ƙugu, ya mutu saboda yankewar jini, ya kuma lotsa. Likita ya ce ya kawo ledar maganin da yake sha. Cikin ƙwayoyi huɗun akwai dexamethasone, ɗaya daga cikin magungunan da aka san yawan shansu na tsawon lokaci yana kashe kan ƙashin cinya, yana kuma tayar da sukari. A ƙasarmu wannan ciwo ya fi shahara ga masu sikila, amma shi gwajinsa ya nuna ba shi da ita.

Likita ya gaya masa cewa ƙashin da ya lotsa ba ya komawa, sai dai a sauya gaɓar. Za a yanke mataccen kan, a zura ƙarfe cikin ƙashin cinya mai ƙwallo a samansa, a gyara ramin ƙugu a sa masa kofi mai rufin roba mai tauri. Salon aikin da ake yi yau ya samo asali daga wani likita ɗan Ingila, John Charnley, a farkon shekarun 1960, kuma yana cikin tiyatar da aka fi samun nasararta a duniya. A Najeriya ana yin ta a asibitocin ƙashi na tarayya kamar na Igbobi a nan Legas da na Dala a Kano da na Inugu, da asibitocin koyarwa, da wasu masu zaman kansu.

Satumba 2023 zuwa Afrilu 2024: shiri na farko

'Ya'yansa sun so ya taho Kano a yi a Dala, ya yi jinya a hannunsu. Ya ƙi. Ya ce idan ya bar rumfa wata uku zai dawo ya tarar abokan ciniki sun watse, kuma ba zai je ya kwanta a gidan suruki ana kai masa fo ba. Aka tsaya a kan Legas.

Wata bakwai aka yi ana shiri, kuma kusan duk maganar kuɗi ce. Ƙarfen daga waje ake shigo da shi. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya, farashin da aka rubuta masa ya tashi har sau biyu kafin ya gama haɗawa. Ya sayar da filinsa a gida, ya ɗauki kwasar adashi, 'yan uwansa 'yan goro suka yi masa karo-karo.

Ta ɓangaren jiki an yi abubuwa uku. Na farko, ba a yarda ya yanke dexamethasone a rana ɗaya ba, domin jikin da ya saba da shi yana iya faɗuwa idan aka tsayar kwatsam. An riƙa rage masa a hankali cikin makonni, aka kuma rubuta a katinsa don mai ba da maganin barci ya sani. Na biyu, an gano sukarinsa ya hau. An sa ranar aiki a Janairu 2024, aka ɗage saboda gwajin da ke nuna matsakaicin sukari na wata uku ya yi sama da abin da likita ya yarda da shi. Sukari mai yawa yana hana ɗinki kamewa, yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, kuma idan cuta ta kama ƙarfen da ke cikin ƙashi, maganin sha kaɗai ba ya cika fitar da ita. Na uku, haƙori. Mai cin goro shekara arba'in, akwai turmi guda da ya ruɓe yana ruwa. Aka cire a Fabrairu, saboda dalili ɗaya da na sukari. Samari biyu daga masallaci suka ba da jini leda biyu aka ajiye.

An kuma koya masa dokokin bayan aiki. Likitansa ta bayan ƙugu zai shiga ya yi aikin, don haka aka gindaya masa sharuɗɗa uku na aƙalla mako 6: kada gwiwa ta ɗaga ta wuce ƙugu idan yana zaune, kada ya harɗe ƙafa, kada ya murɗa ƙafar ta kalli ciki. Masu shiga ta gaba sukan sassauta waɗannan, amma kowa dokar likitansa zai bi. Ni da kaina na maimaita masa su a ƙofar masallaci har ya haddace.

Na gida kuwa ga abin da aka yi. Ya sayi gado na ƙarfe don kada ya kwanta a ƙasa. Ya sayi ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Wani ɗan ƙanensa a Kano ya yi alkawarin zuwa ya zauna da shi wata guda. Jama'ar masallaci da na kasuwa kowa ya ce, “Haba Alhaji, ai muna nan, za mu riƙa leƙo ka.” Da ma'aikaciyar asibiti ta tambaye shi ko akwai mai kula da shi a gida, ya ce akwai. Ba wanda ya tambayi irin masan gidan. Ni ma ban hau benen na duba ba.

Ya roƙi a bari azumi ya wuce. An yi ƙaramar salla ranar 10 ga Afrilu, aka sa aiki ranar Talata 23 ga wata.

23 zuwa 29 ga Afrilu: a asibiti

An yi masa allurar baya, aikin bai kai awa biyu ba, aka ƙara masa jini leda ɗaya. Washegari masu gashin ƙashi, wato masu koyar da motsa jiki bayan aiki, suka tsayar da shi da ƙarfen dogarawa ya yi taku kaɗan a gefen gado. A rana ta huɗu suka koya masa matakala: lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka. An fara yi masa allurar hana daskarewar jini a fatar ciki sau ɗaya a rana, aka ce zai ci gaba har kwana 35, domin bayan irin wannan aiki jini yakan yi guda a jijiyoyin ƙafa, gudan kuma yana iya ɓallewa ya toshe huhu.

Kwana biyu kafin sallama ɗan ƙanen ya bugo waya cewa an sa musu jarrabawa, sai bayan mako uku. Baba bai gaya wa kowa ba. Ranar Litinin 29 ga Afrilu aka sallame shi da tramadol da paracetamol da kwalin allurai. Mutum huɗu suka raka shi, suka tallafe shi ya hau matakala 16, aka yi addu'a, aka watse bayan la'asar.

29 ga Afrilu zuwa 4 ga Mayu: kwana biyar a saman bene

Abin da zan faɗa a nan daga bakinsa na ji shi daga baya, da kuma abin da na gani ranar Asabar.

Tun daren farko masai ya gagare shi. Ya ja ƙarfensa har ƙarshen baranda, ya tsaya a bakin ramin, ya tuna doka ta farko, ya juyo. Fitsari ya riƙa yi a gora, ya jira dare ya raba ya je ya zubar don kada maƙwabta su gani. Maganar bayan gida kuwa sai ya yanke wa kansa shawara: ya rage ci, ya rage sha. Shayi da ɗan burodi da safe, kunu da dare, ruwa sai ya kama dole. Tramadol kuma dama yana ɗaure ciki. Kwana biyar bai zaga ba.

Jarkar ruwa a ƙasa ɗan garuwa ya ajiye ta, lita 25. Ba ya iya sunkuyawa ya karkato ta, ba ya iya ɗagawa. Buta ma a ƙasa take. Gadon da ya saya ya yi ƙasa da yawa, idan ya zauna gwiwarsa tana wuce ƙugu, sai ya riƙa faɗawa da baya yana miƙe ƙafa, tashi kuma ya zama aiki.

Masu dubiya sun zo, ba a ce ba su zo ba. Ranar Talata mutum tara suka cika ɗakin bayan azahar, suka zauna a kan leda, suka kawo lemu da ayaba. Kowa ya ce, “Ya jiki?” ya ce, “Da sauƙi, alhamdulillahi.” Da suka tambayi yaron Kano, ya ce yana hanya. Laraba mutum biyu. Alhamis babu kowa, domin kowa ya ɗauka wani ya je. Allurar ciki, wani yaron kemis ya zo ya yi masa ranar Talata, bai sake dawowa ba, shi kuma hannunsa na rawa ya kasa soka wa kansa. Kwana uku a jere ba allura. Ni a makon ina aikin dare, waya kawai na buga sau biyu, ya ce mini komai lafiya lau, na yarda.

Daren Juma'a wayewar Asabar wajen ƙarfe biyu aka ɗauke wuta. Ya tashi zai ɗauko gorar fitsari, jiri ya ɗebe shi, ƙafar ƙarfen dogarawa ta sarƙe da bakin leda inda ta naɗe, ya zame ya faɗi ta gefen hagu. Wayarsa tana can a kan taga inda soket yake. Ya ce ya yi niyyar ƙwala kira, sai ya tuna ba riga a jikinsa kuma zanen da ya ɗaura ya jiƙe, maƙwabtansa na kusa kuma mata ne. Ya kwanta a wurin har aka yi kiran assalatu. Mai shayin da ke ƙofar gida ne ya hau kawo masa ruwan zafi, ya ji shi yana amsawa daga ƙasa, ya kira kafinta aka ɓalle ƙofar, don a kulle take ta ciki.

Da na iso na tarar leɓɓansa sun bushe sun tsage, fitsarin da ke gora ja kamar shayi, cikinsa ya yi tauri. Ɗinkin bai buɗe ba, ƙafar ba ta gajarce ko ta juya ba. Amma sha-raɓar dama ta kumbura, da zafi idan an taɓa. Na auna da tef ɗin tela, ta fi ta hagu da santimita 3. A kusurwa ga lemun ranar Talata, rabinsu sun fara laushi.

4 zuwa 7 ga Mayu: komawa asibiti

A kan kujera muka sauko da shi, mutum huɗu. Hoton ƙashi ya nuna ƙarfe na nan daram, ƙwallo bai fita daga kofi ba, ƙashi bai tsage ba. Hoton jijiyoyin ƙafa kuwa ya nuna gudan jini a ƙasan gwiwa. Aka kwantar da shi kwana uku, aka ƙara masa ruwa, aka ba shi maganin sassauta ciki, aka sauya allurar da ƙwayar sha ta tsinka jini ta wata uku. Aka gargaɗe shi kada ya haɗa ta da diclofenac ko ibuprofen ko wani haɗin kemis, don gudun zubar jini. Ranar 7 ga Mayu, kwana 14 da aiki, aka cire ƙarafan ɗinki aka sallame shi.

A daren farko na wannan kwanciya na zauna a gefen gadonsa na ce, “Baba, me ya hana ka gaya mini yaron bai zo ba?”

Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, “Malam, mutanen nan sun haɗa mini kuɗi, sun ba ni jininsu. Da wane baki zan ce su zo su zubar mini da fitsari?”

Shiri na biyu

Kwana ukun nan da yake kwance su muka yi amfani da su.

Aka fara da ɗaki. Akwai wani matashi ɗan Katsina mai ɗakin ƙasa kusa da ƙofa. Ya yarda su yi musaya na wata uku, mai gidan, wata dattijuwa Bayarabiya, ta amince ba tare da ta karɓi ko kwabo ba. Muka naɗe ledar ɗakin gaba ɗaya aka bar siminti. Kafinta ya auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwar Baba, ya ƙara yatsu huɗu, ya ɗora ƙafafun gado a kan katako mai rami don kada su zame, har gadon ya kai wannan tsayi. Da wannan awon ya ƙera kujera mai hannu biyu da rami a tsakiya, bokiti mai murfi a ƙarƙashi, aka sa labule a kusurwa. Kujerar nan ba ta kai kuɗin kwalin allura ɗaya ba. Wata kujerar mai tsayi iri ɗaya, marar rami, ta zama ta zama da salla da wanka.

Ruwa aka mai da shi cikin bokiti mai famfo a kan tebur, ɗan garuwa ya riƙa cikawa kowace safiya. Buta, kofi, magani, carbi, rediyo, duk aka hau da su daidai ƙugu. Aka jawo soket zuwa kan gado. Waya aka saƙa mata igiya ya rataya a wuya, ko wanka zai yi ba ya cirewa, aka sa masa lambobi uku a gaba, aka rubuta 112 da 767, lambobin gaggawa na Legas, a bango da gawayi. Fitila mai caji guda biyu, ɗaya a ɗaure a jikin ƙarfen dogarawa, da jakar leda a rataye don ɗaukar kaya tunda hannu biyu a riƙe suke. Matashi tsakanin ƙafafu idan zai kwanta. Silifas aka ɗauke, aka kawo takalmi mai rufe dunduniya. Makulli aka yanka uku: ɗaya wurin mai shayi, ɗaya wurina, ɗaya wurin ladan. Sakata ta ciki aka cire ta.

Sai maganar mutane, wadda ta fi ɗaukar lokaci. Bayan sallar isha'i liman ya tsayar da jama'a, bai faɗi abin da zai kunyata Baba ba, ya ce dai ana neman mutum bakwai. Aka samu tara. Na ja layi a bayan kwali: kwanakin mako a gefe, a sama asuba, azahar, magariba. Kowane gurbi a kan kwalin suna ɗaya, da aikin da zai yi a rubuce. Na asuba ya duba an sha ƙwaya, ya cika kofi. Na azahar ya karɓo abinci wurin mai tuwo, ya tsaya Baba ya yi tafiyarsa a baranda. Na magariba ya duba fitila da caji. Wanda ba zai samu zuwa ba shi zai nemo madadinsa. Aka liƙa kwalin a bayan ƙofa da biro a rataye, kowa ya zo ya sa alama.

Bokitin kuwa ba mu sa shi a layin ba. Baba ya ce ba zai iya haɗa ido da wanda ya ɗaukar masa shi a sahu ɗaya ba. Muka sami wani yaro mai aikin shara a unguwar, aka yi ciniki, safe da yamma, Baba ke biya daga aljihunsa kowace Juma'a. Tun daga ranar ya koma cin abinci: tuwo da miyar kuɓewa ko alayyahu, wake, ƙwai, kifi, gwanda da safe, ruwa gora biyu manya a rana. Tramadol aka janye shi cikin mako guda, paracetamol ya isa.

Salla ma ta dame shi, yana ganin kamar ya rage wani abu. Liman ya zo har ɗaki ya karanta masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, inda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ya nuna masa yadda zai yi nuni da ruku'u da sujada ba tare da ya duƙa sosai ba. Wanke ƙafa a alwala, na layin asuba ke zuba masa ruwa, sauran lokuta ya miƙe ƙafa cikin baho ya kwarara da buta daga sama yana cuɗawa da soso mai dogon mariƙi.

Mako na 3 zuwa na 12

Abu ɗaya a shiri na biyun ma bai yi ba. An rubuta masa zuwa sashen gashi sau biyu a mako. Acaba da Keke da danfo duk an hana shi, saboda ƙasƙancin kujera da jijjiga, sai mota ta haya, ya zauna a gaba an tura kujera baya an ɗora matashi. Zuwa biyu muka yi. Na biyun ruwa ya sauka, muka shafe sama da awa biyu a cunkoso tun daga mahaɗar Pen Cinema da ke nan Agege, ya iso ƙafa a kumbure, ya gaji tiɓis kafin a fara. Kuɗin mota kuma ya fi na gashin. Mai gashin, Allah Ya saka mata, ta zana masa motsin a takarda: motsa idon sawu sama da ƙasa, matse cinya, matse ɗuwawu, jan dunduniya a kan gado, buɗe ƙafa gefe yana tsaye yana riƙe da tebur, kowanne sau 10, sau uku a rana. Zuwa asibiti ya koma sau ɗaya a mako biyu. Na layin azahar ya zama mai ƙirga masa.

Awon da muka riƙe shi ne taku. Mako na 3, tsawon baranda sau biyu. Mako na 4 ya ajiye ƙarfe mai ƙafa huɗu ya koma sandunan hannu biyu. Mako na 5 kumburin sha-raɓa ya sauka, tef ya nuna daidai da ta hagu. Ranar 4 ga Yuni, mako 6 cif, likita ya duba hoto ya ce ya koma sanda ɗaya, a hannun hagu, wato kishiyar ƙafar da aka yi wa aiki, amma ya ci gaba da kiyaye dokoki uku har mako 12. Daga ƙofar gida zuwa masallaci taku 140 ne. Ya fara cika su a mako na 7, da rana kawai, kuma ba ranar da aka yi ruwa ba, don layin yana santsi kuma kwata tana ambaliya. Babbar salla, 16 ga Yuni, bai je idi ba, amma ya yi azahar a sahu a kan kujerarsa.

Ɗan ƙanen ya iso a ƙarshen Mayu, ya yi kwana goma ya koma. Ba a cire kwalin ba ko da yana nan. An rage layin zuwa sau ɗaya a rana a mako na 8, aka naɗe shi a tsakiyar Yuli. A farkon Agusta aka tsayar da ƙwayar tsinka jini.

Oktoba 2024: wata shida

Ciwon matsematsi babu. Yana tafiya ba sanda a cikin unguwa, yana ɗaukarta idan zai shiga kasuwa. Ƙafafun sun daidaita, ɗingishin ya ragu sosai. Ya koma rumfa tun Agusta, a kan kujera mai tsayi, yaro ke ɗaga masa huhun goro. Sukari yana shan magani. Yana tsayuwa da ruku'u, sujada da tahiya a kujera, bisa shawarar likitansa. An gaya masa alamomin da ba a jira da su ko bayan shekaru: zazzaɓi da ciwo a ƙugun, ruwa daga tabon, ko ƙafar ta gajarce ta juya farat ɗaya. An kuma gaya masa ƙarfen yana da wa'adi. Wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 58 cikin ɗari na irin wannan gaɓa suna kaiwa shekara 25, don haka ɗan shekara 59 yana iya buƙatar gyara wata rana.

Abin da na fahimta

Aikin likita ya yi kyau tun ranar farko, kuma shirin jiki, rage dexamethasone a hankali, ɗage ranar saboda sukari, cire haƙori, shi ne a ganina ya sa ɗinkin ya kame ba tare da cuta ba duk da daren da ya kwana a ƙasa. Abin da ya rushe daga ƙofar asibiti ya fara. An ba shi dokar kada ya tsuguna, aka mai da shi gidan da ba a iya rayuwa sai da tsuguno. Daga masai ne rashin ci da sha suka fito, daga nan jiri, daga nan faɗuwa. Gudan jinin ba zan iya rantsewa allura ukun da aka tsallake ne kaɗai suka jawo shi ba, amma tsallake allura da ƙarancin ruwa da yawan kwanciya duk hanyarsa ce, kuma ukun sun haɗu a kansa cikin mako guda.

Mutanen shiri na farko su ne na shiri na biyu, in ban da yaron shara ba a ƙaro kowa ba, kuma ba su fi son sa a Mayu fiye da Afrilu ba. Bambancin shi ne a karo na biyu kowa ya san ranarsa da sa'arsa da abin da zai yi da hannunsa, kuma an raba dubiya da jinya. Kunyar Baba ma ba mu yi ƙoƙarin cire masa ita ba. Aikin da ba zai iya roƙa ba muka mai da shi na biya, sai ya karɓa.

Laifin da na fi gani nawa ne. Na san dokokin, na san irin gidajen hayar Agege, amma na tsaya a ƙofar masallaci ina koyar da mutum haddar abin da ɗakinsa ba zai bar shi ya aikata ba, na kuma karɓi “lafiya lau” ta waya daga bakin dattijon da na san ba zai ce komai ba sai haka. Da na hau matakalan nan 16 da tef a hannu mako biyu kafin aiki, na leƙa banɗakin, na tambayi wa zai soka allura ranar Laraba, da kafinta ya gama aikinsa tun Baba bai shiga ɗakin tiyata ba.

Bai koma saman bene ba. Da wata ukun suka cika, matashin ya ce ya fi son iskar sama, mai gida ta sauya musu rasit. Kujerar mai rami yanzu tana gidan wata tsohuwa a Idi-Araba da ta karye a ƙugu, kafinta ya rage mata ƙafa da yatsu uku.